Dashen wilo guda biyu da na saya: ɗaya ya zauna, ɗaya sai da na ƙaurar da shi

Shekara uku kenan da na yi odar dashen itacen wilo mai zubo da rassa ƙasa daga wani gidan renon itatuwa, kuma gaskiya a wajen kaya ba ni da ƙorafi, sun iso da ƙasarsu a jiƙe, saiwa lafiya lau, ko reshe ɗaya bai karye ba. Iri biyu na ɗauka, mai rassa ruwan zinare da ake kira Chrysocoma da kuma ƙaramin nan Kilmarnock.

Inda suka ɓata min rai shi ne ba wanda ya tambaye ni girman lambuna. Shi Chrysocoma ɗin nan haɗi ne tsakanin farin wilo da wani irin wilo mai suna Salix babylonica, wanda asalinsa daga arewacin Sin yake duk da sunan Babila da aka laƙaba masa, kuma ba ƙaramin ice ba ne, yana wuce mita 15 a tsayi faɗinsa ma kusan haka. Ni kuwa na dasa shi taku kaɗan daga bango saboda a takardar da suka haɗo min "yana son ruwa da rana" kawai aka rubuta. To ai son ruwan nan ne matsalar! saiwarsa bin danshi take yi duk inda yake, in ta samu ɗan tsagi a bututun ruwan datti sai ta shige ta toshe shi, shi ya sa ake cewa a nisanta shi da gini da fayif kamar mita 15 ko fiye. A shekara ɗaya ya ƙara sama da mita, sai hankalina ya tashi na tone shi tun yana yaro na ba wani mai fili a bakin tafki, can ne ma wurinsa, rassan har suna taɓa ruwa wallahi abin sha'awa.

Kilmarnock kuwa ya biya ni. Ɗan aure ne, wato reshensa aka ɗora a kan gindin wani ice, don haka tsayinsa baya wuce inda aka yi auren sosai, kamar mita 2, ko a babbar tukunya zai zauna in dai ba za ka bari ƙasar ta bushe ba. Ƙarshen sanyi kafin ganye ya fito yana fitar da wasu furanni masu laushi kamar gashin mage, ƙudan zuma na ta zuwa. Aikinsa kaɗan ne, ka riƙa cire matattun rassan da ke taruwa a ciki, duk tohon da ya fito a ƙasan wurin auren ka yanke shi nan take don zai ƙwace ƙarfin icen. Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ta ɗan kama nawa sau ɗaya, feshin ruwa ya kore ta.

Zan sake saye a wurinsu, amma wannan karon sai na auna filin da tef kafin in kira su.