Gargaɗi Kan Masu Sayar da Jabun Lambobin Nasarar Yaƙi na Turai

Ina jan hankalin masu sha'awar tara kayan tarihi game da wasu dillalai da ke tallata lambobin tunawa da nasarar yaƙi a shafukan sada zumunta, suna cewa na asali ne daga ƙarni na 17, suna kuma neman a tura kuɗi kafin a ga kaya. Jarinsu shi ne dogon bayani kan alamomin da ke jikin lambobin daban-daban: ga rana mai haskakawa wadda take wakiltar Sarki Louis na 14 na Faransa, ga mace mai fukafukai riƙe da kambin ganye alamar nasara, ga kuma gaggafar gidan sarautar Habsburg na Austriya a saman jinjirin wata, wanda ke nuni da yadda aka kori rundunar Daular Usmaniyya daga ƙofar birnin Biyana (Vienna) na Austriya a 1683. Bayanin daidai ne, amma ba ya tabbatar da shekarun ƙarfen da ke hannunsu, domin mai kwaikwayo yana kwafe alama kamar yadda yake kwafe rubutu.

Abin da suke ɓoyewa shi ne gefen lambar. Gidan buga kuɗi na Faris ya ci gaba da sake buga lambobin zamanin Louis na 14 shekaru masu yawa bayan rasuwarsa a 1715, kuma tun daga 1832 yake sanya ƙaramin tambari a gefe, misali ƙudan zuma daga 1860 zuwa 1879, sannan ƙaho mai cike da 'ya'yan itatuwa daga 1880, sau da yawa tare da sunan ƙarfen. Irin wannan bugu halal ne idan an sayar da shi da sunansa da farashinsa, sai dai mazambatan sukan goge tambarin da magagari, su shafa wa wurin datti don ya yi kama da tsoho.

Akwai kuma na zubi, waɗanda aka narka ƙarfe aka zuba a mazubi. A gilashin ƙara girma za a ga haruffansu sun dakushe, fuskarsu na da ƙananan ramuka, wani lokaci da siririn layin haɗi a gefe.

Kada kowa ya biya ko kwabo sai ya ga hoton gefen lambar kewaye, da nauyinta da faɗinta, kuma dillalin da ya fara kame-kame a kan wannan a rabu da shi.