Dajin Amurum: ba gidan zu ba ne, amma ku kai yara

Ni malamar bayoloji ce a wata sakandare a Jos, kuma tambayar da abokan aiki suka fi yi mini ita ce ina za a kai ɗalibai yawon buɗe ido ban da Wildlife Park. Amsata yanzu: dajin Amurum da ke Laminga, ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, kimanin kilomita 15 daga gari.

Wanda ya zo neman zaki ko giwa zai koma yana tsaki. Duwatsu ne da ciyawa da kurmin bakin rafi, ga ɗorawa da maje da ɓaure, faɗinsa hekta 300 ko kusa da haka. Dukiyar wurin tsuntsaye ce, wajen iri 300. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI tana nan tun 2001, da haɗin gwiwar Jami'ar Jos da gidauniyar kare muhalli ta NCF da mutanen Laminga. Ƙasar ta mutanen garin ce, kuma da yardarsu aka hana farauta da sarar itace.

Abin da ya saye ni ranar da na kai ɗalibaina shi ne jagoranmu, ɗan garin ne. Muna cikin tafiya ya ɗaga hannu. "Malama, ki ce su yi shiru." Ni ban ji komai ba sai iska. Ya miƙa wa wata ɗalibata madubin hangen nesa, ya nuna tsagin dutse. Sai ga ɗan tsuntsu dangin baiwar Allah, bayansa ja wur, yana tsince-tsincen ƙwayar ciyawa. Sai a 1998 masana suka tabbatar iri ne na daban, kuma hanyar da aka gano shi abin mamaki ce: akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ke saka ƙwansa a sheƙar wannan, ya bar masa wahalar reno, ɗan kuma ya tashi yana kwaikwayon kukan mai riƙonsa. Kukan da ba a san mai shi ba aka ji a bakin baƙin, aka bi sawu. Yaran da ke gyangyaɗi in ina koyar da wannan a allo, ranar har rige-rigen tambaya suke yi.

Wani yaro ya so ya tuge wani tsiro, wai kakarsa na maganin shawara da shi. Jagoran ya ce, "Ɗana, bar shi nan, ai ba naka kaɗai ba ne." A nan na samu ƙofar gaya musu cewa tun 2009 Najeriya na da ƙa'ida a ƙarƙashin hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA: mai son ɗibar tsiro ko iri don bincike ko kasuwanci sai ya nemi izini, ya samu amincewar masu wurin, a kuma yi yarjejeniyar raba amfani. Ƙa'idar tana da kyau a takarda. Amma a ganina, da a ce matasan Laminga ba sa samun aikin yi a dajin nan, da tuni ya zama gawayi, komai tsaurinta.

Ku nemi izini tun kafin ranar, don wurin bincike ne, ba wurin shimfiɗa tabarma da kunna waƙa ba. Ku isa da sassafe, in rana ta take tsuntsayen sun lafe. Ku riƙe ruwan shanku da rigar sanyi in lokacin hunturu ne, kuma a hana 'yanmata zuwa da silifas, duwatsun na da santsi da damina.