Takalmin da ya wage baki a hanyar Fisterra

Jika ashirin ba biyu na ba yaron nan a layin 'yan bosho na babbar kasuwar Maradi, bayan mun sha ciniki har na yi kamar zan tafi sau biyu. Takalmin hawan dutse ne, mai wuya har idon sawu, fatarsa ruwan ƙasa, ƙasansa ko ƙwarzane babu. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Alhaji, wallahi Baturen da ya saya bai taka ƙasa da shi ba. Wannan sai ka gaji da shi ka ba jikanka." Maganarsa ta farko gaskiya ce, kuma ita ce ta cuce ni. Zan zo wurin.

Ɗan ƙanena yana aiki a arewa maso yammacin Sipaniya, yankin Galisiya, shi ya ɗauki nauyin zuwana. Da ya ga ina son tafiyar ƙafa, sai ya ce mu yi yini guda a hanyar da masu ziyara ke bi daga Santiago de Compostela zuwa Fisterra, inda ƙasa ta ƙare teku ya fara. Hanyar duka wajen kilomita 90 ce, ana cin ta a kwana uku ko huɗu. Mu zangon ƙarshe muka ɗauka, daga ƙauyen Olveiroa. Kafin wani ya tambaya: ziyarar ta Kirista ce, ni kuwa kallon ƙasa ya kai ni, azahar ɗina ma a gefen hanya na yi ta, ba wanda ya ko waiwaye ni.

Ba zan ci amanar takalmin ba, da safe ya yi mini rana. An kwana ana yayyafi, ciyawa jiƙe sharkaf, amma ɗigo bai taɓa safata ba. Muka wuce rumbunansu na dutse, dogaye, ɗore bisa ƙafafu, kowace ƙafa da faifan dutse a kanta don kada ɓera ya hau. Na tsaya ina kallo ina dariya, ashe ɓera bai bar kowa ba. Hanya ba ta ɓata mutum, kibiya rawaya ce a jikin duwatsu da tambarin ƙwaryar wata dabbar teku, ga lambar kilomitan da suka rage. Muka haura gefen kogin Xallas, injunan lantarki na iska suna juyawa bisa tudu. A raina ina ta sa wa yaron kasuwa albarka, har na ƙudurta in na koma zan sai wa babban ɗana irinsa.

Bayan ƙauyen da ake kira Hospital hanya ta rabu biyu, ɗaya ta yi Muxía, ɗaya Fisterra. Daga nan har garin Cee kusan kilomita 15 ne ba shago, ba gidan shayi, sai itatuwan turare da 'yan ɗakunan ibada biyu a daji. To a tsakiyar nan ne na fara jin ƙafar dama tana faf, faf, kamar ana tafi a bayana. Na duba. Gaban takalmin ya wage baki kamar kada. Na zauna bisa dutse na cire shi, sai ga wani baƙin gari yana zuba daga tsakanin fata da roba, kamar ƙuli-ƙulin da aka murtsuke. Na sa yatsa, soson da ke ciki ya dagargaje a hannuna. Ba gam ne ya saki ba, da sai a ce a kai wa mai gyara. Naman takalmin ne ya ruɓe.

Ɗana ya karɓa ya jujjuya ya ce, "Baba, wannan ya shekara da shekaru a ajiye." Shi ya bayyana mini cewa irin wannan soson, in takalmi ya daɗe ba a sa shi, damshin iska yana cin sa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Sama sabo fil, ciki gari. Ka tuna kuma irin ranar da yake sha a shimfiɗe a kasuwarmu watan Afrilu. Rashin takawar da aka yi mini talla da shi, shi ne ciwon.

Wata tsohuwa mai sanduna biyu ta tsaya, ba mu jin yaren juna, ta zaro salatif mai faɗi daga jaka ta miƙo. Muka naɗe takalmin kamar mai karaya. Bai yi kilomita biyu ba laima ta kwance shi. Muka ɗaure da igiyarsa, ita ma ta tsinke. Can sai na hagu ya ga bai kamata a bar shi baya ba, ƙasansa ya fita gaba ɗaya, na waiwaya na gan shi kwance a hanya.

Abin da ya fisshe ni silifan alwala ne, na jika guda, su ma daga kasuwar nan. Da su na hau tudun da ake fara hango teku. Ni da babban ruwan da na sani bai wuce tafkin Madarumfa da kogin Yamai ba, ga ruwa har inda ido ya tsaya, amma wallahi hankalina yana kan yatsuna. Gangaren da ke sauka Cee tsaye yake, ga tsakuwa, igiyar silifa ta yanka ni tsakanin babban yatsa da na kusa, safa ta yi jini. Sauran kilomita goma sha wani abu zuwa Fisterra a bas muka yi su, ina kallon tsofaffin da suka girme ni suna takawa ta taga. Wannan ya fi yankan ciwo.

A bakin hasumiyar fitilar jiragen ruwa akwai dutse mai lamba 0, kusa da shi kuma, bisa wani dutse, an kafa takalmin tagulla. Ɗana ya ce, "Baba, ga wanda ya kamata ka saya." Da can masu ziyara sukan ƙone tufafi ko takalmi a wurin, yanzu an hana. Ba don haka ba da a nan zan cinna wa nawa wuta.

Na dawo da gawarsa Maradi cikin leda. Na so in yi wa yaron uzuri, don shi ma dila yake buɗewa bai san abin da ke ciki ba, kuma fatar har yau ba ta da aibu, wani mai gyara ya ce zai iya sa mata ƙasan taya. Amma da na zazzage masa garin a gabansa, ko sannu bai ce ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ai kai ka kai shi ƙasar sanyi." Takalmin da aka ƙera a ƙasar sanyi! A rumfarsa na ɗauki wani irinsa, na danna soson gefen da farce, farcen ya nutse, wurin bai taso ba. Na nuna masa. Ya karɓe ya maida shi layi, ya juya yana kiran wani mai wucewa.