Zanen bakin kogi na ƴan China da na saya a Wunti

Masu tambaya a kan dogon zanen nan da ke falona, a wani shagon labule da firem kusa da kasuwar Wunti a Bauchi na same shi, kuma gaskiya ya ci kuɗinsa, sai dai ku san wanda za ku ɗauka.

Kwafi ne na tsohon zanen da Zhang Zeduan ya yi zamanin daular Song a ƙarni na 12, na asalin yana gidan tarihi na tsohuwar fadar sarakuna a Beijing, a kan siliki aka yi shi, tsawonsa ya haura mita 5 amma faɗin bai wuce santimita 25 ba. Daga dama ake fara kallo a yi hagu kamar karatun ajami. Farko karkara ce da bishiyoyi da jakuna ɗauke da kaya, sai kogi da jiragen ruwa har ka iso wata gadar katako mai lanƙwasa, to nan ne wallahi nake daɗewa a tsaye, wani jirgi ya taho zai shige ƙarƙashinta ba a gama kwantar da doguwar sandarsa ba, matuƙan duk sun rikice, mutanen kan gada sun leƙo suna ta nuni da hannu, masu talla a gefe kuwa ko a jikinsu. Can gaba wajen ƙofar gari har da raƙuma.

Mai shagon zai ce maka "Alhaji ɗauki na firem, ya fi cika bango", don Allah kar ka yarda, gadar kawai suka yanko suka ƙara mata girma har fuskokin mutane suka dushe. Na naɗewa shi ne kaya, ko da yake shi ma ruwan ɗorawar da aka zuba masa ya yi yawa, sandunan gefen kuma roba ce aka yi wa fentin katako, hakan ya ɗan ɓata min rai. Ƙurar hunturu na kama shi sosai, a kaɗe da busasshen tsumma, jiƙaƙƙe zai iya kwashe tawadar.

Wanda ba ya son hoton mutane a ɗaki ya ce a nuno masa na duwatsu da ruwa zalla, akwai su a shagon. In ka saya kuma ka rataye daidai tsayin ido, in ya yi sama da yawa ba abin da za ka gani sai dogon layi.