Wasiƙa daga Thiers: fitilar da ta tona mini asiri

Kawu, barkanku da war haka. Ina gajiya, ina mutanen gida, yaya ƙurar hunturu a Marwa? Kun ce in ba ku labarin maƙeran Turawa, to ga abin da ido ya gani.

Garin da nake, Thiers, yana tsakiyar Faransa a kan gangaren dutse, kuma yawancin wuƙaƙen ƙasar daga nan suke fitowa. Wani ɗan kogi, Durolle, shi ya raya sana'ar. A da ruwansa ke juya dutsen washi, masu wasa wuƙa kuma a rub da ciki suke aiki a kan katako, kare na kwance bisa ƙafafunsu yana ɗumama su. Da na ga hoton a gidan tarihinsu sai da na riƙe baki.

Ni dai ba a sakar mini wuta ba tukuna. Ƙota nake gyarawa, ta ƙahon sa da ta icen zaitun. A satina na farko na gama guda shida, na goge su har suna ɗaukar ido, na kai wa maigidana ina jin kaina. Bai ce uffan ba. Ya kashe fitilar sama, ya jawo wata ƙarama mai dogon wuya, ya kwantar da haskenta ta gefe, dab da teburi. Kawu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sawun magagari duk ya fito ɓaro-ɓaro, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, kan ƙusar tagulla ya ɗan taso. Ashe hasken da ke sauka daga bisa kai cike ramuka yake yi, ba ya barin inuwa. Wanda ya zo a karkace kuwa, ko ƙarzane bai kai silin gashi ba sai ya yi masa inuwa.

Har launin kwan fitila suna zaɓa. A jikin kwali akwai lamba da harafin K: mai 2700 ja-ja ne, yana sa kowane ice ya yi kama da zuma, mai 5000 kuma fari ne kamar rana, da shi ake haɗa ɓari biyu na ƙaho don launinsu ya zo ɗaya. Amma wajen murhu da gangan suke barin duhu-duhu, don a can ake gane jan ƙarfe, kamar dai a rumfarku.

Nan na tuna yadda kuke ƙin gama ƙota da tsakar rana, sai da hantsi ko bayan la'asar, ku ɗaga ta sama kuna jujjuyawa. Ina yaro na ɗauka shayi kuke jira, ku yafe mini. A watan Disamba wajen ƙarfe 5 rana ta faɗi a nan, shi ya sa suke sayen abin da Allah ya ba mu kyauta.

Sun fi mu wuta, ba a ɗauke ta. Takardar gurza kuma lamba-lamba ce, daga mai kaushi ta 80 har mai santsi ta 1000, ka yi oda ta intanet a kawo maka har ƙofa. Kuɗi kam ba a magana: wuƙar aljihu ta Yuro 100 ba abin mamaki ba ce, wato sefa sama da 65,000. Sai dai in ƙotarka ta yi girgiɗi, ajiye wuƙar za ka yi ka dawo wani satin, alhali ku kafin mutum ya gama gaisawa da maƙwabta kun ɗaure masa ita. Kube kuwa, ban ga wanda ya kama ƙafar na dukawan Marwa ba.

Na sayi fitila biyu masu caji da rana, zan ba wani ɗan Garwa da zai taho gida. Don Allah kada yara su rataye su a tsakiyar rumfa. A ɗaure ɗaya ƙasa-ƙasa ta hagunku, daidai tsayin gwiwa in kuna zaune, don kada hannun da ke riƙe da magagari ya tare hasken. In zai dawo, a haɗo shi da kilishi.