Metal halayid ko LED a shagon yadi?

Alhaji, tsakanin fitilar metal halayid mai wat 400 ɗin nan da fitilar LED, ɗauki LED kawai.

LED ce a shagona a Kantin Kwari. Ana gab da Sallah wata Hajiya ta zo daf da magariba da ƙyallen leshi a jaka, tana neman shaddar da za ta dace da shi. Ta ɗora shi kan ruwan toka kala uku, ta zaɓi ɗaya nan ƙarƙashin fitila, ko ƙofa ba ta leƙa ba. Bayan Sallah ƙanwarta ta zo, ta ce irin ta Yaya take so.

Metal halayid kam akwai haske, ba a raba shi da wannan. Launinsa ne ba ya zama wuri ɗaya. A cikin babban ƙwan akwai ɗan bututun gilashi mai ɗauke da zaiba da gishirin ƙarafa, galibi sodiyam da skandiyam. Zaiba ita kaɗai haskenta shuɗi-shuɗi ne mai ratsin kore. Sai gishirin ya yi tururi sodiyam ke ƙara ruwan ɗorawa, hasken ya koma fari. To ba duka gishirin ke tashi ba, saura yana kwance a inda bututun ya fi sanyi, kuma zafin wannan ɗan wurin shi ke yanke launin da za ka gani. Wuta ta yi rauni, ko janareta ya ja baya, wurin ya huce, nan da nan farar shadda ta koma kore-kore.

Ko yadda aka rataye shi ma magana ce. In a tsaye yake, iska mai zafi tana hawa ta tsakiya tana saukowa ta gefe, sai ta tara ƙarafan a ƙasa, sama ya fi shuɗi. In a kwance, harshen wutar ya lanƙwasa sama. Don a gano bakin zaren wannan ne a 2004 aka kai irin ƙwan har tashar sararin samaniya, inda babu nauyi. In ya tsufa kuma sodiyam yana sulalewa ta jikin gilashin, shi ya sa za ka ga biyu a jere kowanne da kalarsa. Ga shi in an ɗauke wuta an dawo da ita, sai ya huce, ka yi minti 10 zuwa 15 kana jira da kwastoma a tsaye.

Sai dai ka kula da wasu masu sayar da LED. Za a rubuta wat 200 a kwali, abin da ke ciki bai kai ba. Ɗaga ta ka ji nauyi, bayanta ya zama alminiyam mai kauri, ba roba ba. Nemi mai CRI 80 zuwa sama, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna ainihin launin kaya. Ka tafi da farin ƙyalle da ja, a kunna maka ita a gabanka kafin ka biya.