Picard ko Mp3tag: wanne zai dawo maka da hotunan kundin waƙoƙinka?

Malam, ka ce kana da waƙoƙi jibge a kwamfuta da katin memori, amma yawancinsu ba sa nuna hoton kundi, sai wata alama mai ruwan toka, wasu kuma hoton tallar shafin da aka sauko da su ne ke fitowa. Ka tambaya tsakanin MusicBrainz Picard da Mp3tag wanne ya fi. Ni a ganina ya danganta da irin waƙoƙin da ka tara, domin aikin manhajojin biyu ba iri ɗaya ba ne.

Picard kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ita ce ke nemo maka hoton da kanta. Tana duba MusicBrainz, rumbun bayanan waƙoƙi da ke intanet, ta gano kundin, sannan ta ɗauko hoton daga Cover Art Archive, rumbun hotunan kundi da masu MusicBrainz suka kafa tare da Internet Archive a 2012. Ko fayil ba shi da suna, sai "Track 01" kawai, in ka danna Scan za ta saurari sautin ta hanyar AcoustID, tsarin gane waƙa daga sautinta, ta gane waƙar. Ga waƙoƙin Turai da Amurka da na finafinan Indiya da suka fita a kundi sananne, wannan babban sauƙi ne, cikin zama ɗaya sai ka gama ɗaruruwa. Amma kada ka danna Save ido rufe. Kundi ɗaya kan fita sau da yawa a ƙasashe daban, kowanne da nasa bango, kuma Picard kan ɗora waƙa a kan kundin tarin waƙoƙi maimakon na asali. Banda hoton, tana sake rubuta sunan waƙa da na mawaƙi, don haka kwafi jakar ka ajiye gefe kafin ka fara.

Inda take gazawa shi ne abin da ba a taɓa shigarwa rumbun ba. Waƙoƙin mawaƙanmu na gargajiya da aka juyo daga kaset, ƙasidu, waƙoƙin biki, da yawancin abin da ake karɓowa wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa, da wuya Picard ta gane su. Ba laifinta ba ne, masu sa kai ne ke cika rumbun, abin da ba su shigar ba babu shi.

A nan Mp3tag ke da amfani. Wani Bajamushe, Florian Heidenreich, shi ya ƙirƙire ta. Kyauta ce a Windows, ta Mac kuma saye ake yi. Ita ma tana iya nemowa daga Discogs (wani rumbun bayanan waƙoƙin) da MusicBrainz, amma ƙarfinta a aikin hannu yake. Ka zaɓi duk waƙoƙin kundi ɗaya, ka danna dama a akwatin hoton da ke ƙasa ta hagu, ka zaɓi Add cover, ka nuna mata hoton, ka adana. Idan hoton talla ne a ciki, fara cire shi da Remove cover. In kana da kwalin kaset ko na faifan, ɗauki hotonsa da waya a wuri mai haske, ka yanke shi murabba'i. Wannan ya fi mini duk wani hoto da za a tsinto a intanet, domin shi ne ainihin bangon da waƙar ta fito da shi, kuma wani lokaci kai kaɗai ke da shi.

Ko wacce ka ɗauka, ka sa hoton cikin fayil ɗin kansa, kada ka tsaya ga ajiye folder.jpg a cikin jaka. Ranar da ka tura waƙar ta Xender ko Bluetooth, hoton jaka ba ya bin ta, na ciki kuwa duk inda ta je yana tare da ita. Girman pixel 500 zuwa 600 a kowane gefe, a tsarin JPEG, ya wadatar. Hoto mai nauyin megabait 1 a waƙa 1,000 ya cinye maka kusan gigabait guda kenan a banza. Idan a rediyon mota za ka saurara, adana da ID3v2.3 (tsarin rubuta bayanai da hoto cikin fayil ɗin MP3), tsofaffin na'urori da yawa ba sa karanta 2.4.

Akwai kuma abin da ke rikita mutane a Android: manhajojin sauraro da yawa suna haɗa waƙoƙi ne ta sunan kundi. Idan waƙoƙi 300 duk sunan shafi ɗaya ne a gurbin Album, hoto ɗaya za su nuna komai gyaran da ka yi. Gyara wannan gurbin ma, sannan ka goge ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar ko ka sake kunna wayar.

Raba waƙoƙinka gida biyu: na waje ka bai wa Picard, abin da ta kasa ganewa ka kai wa Mp3tag. In kuwa ɗaya kawai za ka sauke, kuma yawancin tarinka na Hausa ne, ɗauki Mp3tag.